Asabar a Broadhurst Park: Abin da Mutum Ke Samu Idan Ya Sayi Tikitin FC United

Ranar da na gaya wa yayana a waya cewa na biya kuɗi na shiga kallon wasan wata ƙungiya da ke mataki na bakwai a tsarin ƙwallon ƙafar Ingila, alhali Old Trafford, filin Manchester United, ba shi da nisa da inda nake zaune, sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Kai kuwa me ya yi maka zafi da za ka bar United ka je kallon 'yan dagaji?" Na ce masa, "Yaya, ai ita ma United ce." Bai gamsu ba, ni kuma ban ga laifinsa ba, domin shi ne ya fara riƙe hannuna ya kai ni gidan kallo a Kano tun ina ɗan firamare, lokacin da muke cunkushewa a kan benci, janareto yana ruri a bayan langa-langa, kowa kuma ya san cewa muddin Ferguson, kocin United na lokacin, yana nuna agogonsa to wasa bai ƙare ba. Abin da zan bayyana a nan shi ne abin da kuɗina suka saya mini a filin Broadhurst Park, gidan FC United of Manchester, da kuma ko ya dace wani ya bi sahuna.

Ba za a gane hajar ba sai an san abin da ya sa aka buɗe shagon. A watan Mayun 2005 attajirin Amurka Malcolm Glazer ya mallaki Manchester United a kan kusan fam miliyan 790, amma mafi yawan kuɗin ba daga aljihunsa suka fito ba. Rance ya ciyo, aka kuma jingina babban kaso na bashin a kan kadarorin ƙungiyar kanta, ta yadda ƙungiyar da ba a bin ta ko sisin kwabo ta wayi gari da bashin da ya haura fam miliyan 500 a wuyanta. Kwatankwacinsa shi ne mutum ya sayi shago da rance, sannan ya ce cinikin shagon ne zai biya rancen har da kuɗin ruwa, shi kuwa ya zauna yana jiran riba. Masu cinikin a nan su ne magoya baya, don haka aka koma kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wasu daga cikin magoya bayan, waɗanda dama sun gaji da tsadar tikiti da yadda gidajen talabijin ke sauya lokutan wasa yadda suka ga dama, suka ce sun yi rantsuwa ba za su sake ba iyalan Glazer ko kwabo ba, kuma a bazarar 2005 ɗin suka kafa tasu ƙungiyar, FC United. Ta fara daga mataki na goma, tana aron filin Gigg Lane na ƙungiyar Bury, ta yi hawa uku a jere a shekarunta uku na farko, kuma a watan Nuwamban 2010 ta fitar da Rochdale, ƙungiyar ƙwararru, daga gasar kofin FA da ci 3 da 2. Filinta na kanta, mai ɗaukar mutum 4,400, an buɗe shi ne ranar 29 ga Mayun 2015 da wasan sada zumunta da Benfica, ranar da ta yi daidai da wadda Manchester United ta doke Benfica a Wembley ta ɗauki kofin Turai a 1968. Wajen fam miliyan 2 na kuɗin ginin magoya baya ne suka haɗa ta hanyar sayen hannun jari na al'umma.

Filin yana unguwar Moston ne a arewa maso gabashin Manchester, kuma zuwansa ba shi da wuya. Na hau taragon cikin gari na sauka a tashar Newton Heath and Moston, daga nan na taka da ƙafa, ina bin bayan wasu dattawa masu jan mayafin wuya har ƙofar filin. Sunan tashar ma kansa tarihi ne, domin a Newton Heath ne ma'aikatan jirgin ƙasa suka kafa a 1878 ƙungiyar da daga baya ta zama Manchester United, kuma launin kore da ruwan gwal da ake dangantawa da waccan tsohuwar ƙungiya shi ne masu adawa da Glazer suka mayar tutarsu a 2010, har David Beckham ya ɗauki irin mayafin ya rataya a wuya lokacin da ya dawo Old Trafford tare da AC Milan. A Newton Heath ɗin FC United ta so gina filinta tun farko, shirin ya rushe a 2011, aka dawo Moston.

Tikitin babban mutum bai kai fam 20 ba. Wannan adadi ba zai yi ma'ana ga mai karatu ba sai an ajiye shi kusa da wani: a ƙarshen 2024 Manchester United ta mayar da mafi arhar tikitin sauran wasannin kakar fam 66, ta kuma soke rangwamen yara da tsofaffi a kan waɗannan tikitocin, lamarin da ya sake fito da jama'a kan titi da kwalaye. Ni kaina na taɓa ƙonewa a wannan kasuwa. A watannina na farko a ƙasar, ɗokin ganin wasan Firimiya ido da ido ya sa na tura wa wani dillali na intanet ninki uku na farashin tikiti, kuma har aka busa tashi ina tsaye a waje ina kiran lambar da ba ta shiga. A Broadhurst Park kuwa na isa saura minti ashirin, na biya a ƙofa, wata dattijuwa mai aikin sa-kai ta nuna mini hanya, kuma ba wanda ya ce mini ga kujerata. Akwai wurin zama ga mai so, amma zuciyar filin ita ce matattakalar da ke bayan raga ta ɓangaren titin St Mary's, inda ake kallo a tsaye, mutum ya zaɓi inda ya ga dama, ya matsa kusa da abokinsa idan ya hango shi. Wanda ya saba da gidan kallo zai ji wannan tsarin bai baƙunce shi ba ko kaɗan.

Abu na farko da ido ke kamawa idan 'yan wasa suka fito shi ne ƙirjin rigarsu babu sunan kowane kamfani. Ja ce zalla, da tambarin ƙungiya, shi ke nan. Mun saba da ganin rigar ƙwallo ta zama allon talla, na kamfanin jiragen sama ko na caca, har ta kai idan aka ga babu sai a ji kamar tela bai gama aikinsa ba. A nan ƙa'ida ce da mambobi suka ɗora wa kansu tun ranar farko, suna sane da kuɗin da suke asara. Bangon filin cike yake da ƙyallaye masu rubutu, wasu na tunawa da 'yan wasan United da sauran waɗanda suka rasu a haɗarin jirgin Munich na 1958, wasu na ɗauke da taken da aka san su da shi, wato son United da ƙin Glazer, da kuma wanda ke cewa abokai suke tarawa, ba miloniyoyi suke ƙerawa ba. Waƙa kuwa ba ta tsaya ba tun daga busar farko har ta ƙarshe. Mutum dubu biyu ko ƙasa da haka a ƙarƙashin rufin kwano suna iya yin amon da ya fi na dubbai masu yawa da ke zaune suna ɗaukar hoto da waya, kuma saboda kusancin matattakala da ciyawa, ana jin ƙarar takalmi idan ya haɗu da ƙwauri, ana jin mai tsaron raga yana yi wa 'yan bayansa faɗa, ana ganin tururin numfashin ɗan wasa idan ya zo bugun kusurwa.

Ƙwallon kanta ta mataki na bakwai ce, kuma duk wanda ya ce maka ta fi haka son zuciya ne ya sa shi. 'Yan wasan suna da wasu sana'o'in da suke ci da su, atisaye da yamma suke yi, kuma a minti casa'in ɗin da na kalla ƙwallo ta daɗe a sama fiye da yadda ta daɗe a ƙasa. An ɓarar da damar da a gidan kallo da sai an jefi talabijin da takalmi. Idon da ya saba da gasar zakarun Turai zai ɗauki kamar rabin sa'a kafin ya daina kwatantawa ya fara kallo, kuma akwai waɗanda idonsu ba zai taɓa dainawa ba. Irin waɗannan ina ba su shawara su riƙe kuɗinsu. Abin da ya riƙe ni shi ne cewa kowace ƙwallo da aka yi takara a kanta da gaske ake yi, domin a wannan mataki ƙungiya na iya hawa, tana kuma iya faɗuwa, kamar yadda ita FC United ta hau mataki na shida a 2015 ta sauko a 2019.

Na je ne a watan Disamba, kuma Musulmin da zai je a wannan lokaci ya kamata ya yi lissafi, domin ana take wasa ƙarfe uku na rana, rana kuwa tana faɗuwa a Manchester kafin ƙarfe huɗu, ke nan magariba tana shigowa ne daidai hutun rabin lokaci. Na riƙe alwalata tun daga gida, na sami wani lungu mara cunkoso na shimfiɗa rigar sanyina na yi salla a gurguje, wani mai gadi ya kalle ni ya ɗaga mini babban yatsa ya wuce. A ƙarƙashin matattakalar akwai zauren da ake sayar da giya, kamar yadda yake a al'adar ƙwallon mutanen nan, amma akwai shayi mai zafi da soyayyen dankalin Turawa, su na saya, na bar kayan nama tunda ban tambayi yankansu ba. Sanyin kuma ba na wasa ba ne. Safa biyu na sa, duk da haka sai da na daina jin yatsun ƙafata.

A wajen layin shayin ne na haɗu da dattijon da ya sa wannan ziyara ta zauna mini a rai. Ya haura shekara saba'in, ya ce mahaifinsa ne ya fara kai shi Old Trafford yana yaro, ya riƙe tikitin kaka na shekaru da yawa, kuma tun 2005 bai sake taka filin ba. Na tambaye shi ko ba ya kewa, ya ce kullum, har yanzu idan United ta sha kashi ba ya iya cin abincin dare, amma kuɗinsa ba za su biya bashin da ba shi ya ciyo ba. Da ya ji daga inda na fito, sai ya yi dariya ya ce to ai ni ne wanda aka ƙirƙiri Super League dominsa, wato gasar da manyan ƙungiyoyin Turai suka so kafa wa kansu. Ya faɗa ne cikin raha, amma maganar ta soke ni, domin akwai gaskiya a cikinta.

Ina tuna daren da aka sanar da ita sarai, Lahadi 18 ga Afrilun 2021, muna cikin azumi, kuma a lokacin ina gida Kano. Ƙungiyoyi 12 ne suka sa hannu: Manchester United da Manchester City da Liverpool da Chelsea da Arsenal da Tottenham daga Ingila, Real Madrid da Barcelona da Atletico Madrid daga Sifaniya, Juventus da Inter da AC Milan daga Italiya. Florentino Perez na Real Madrid ne shugaba, Joel Glazer da Andrea Agnelli na Juventus mataimaka, bankin JP Morgan na Amurka ne zai zuba kuɗin, kuma an yi wa waɗanda suka kafa gasar alkawarin yuro biliyan 3.5 su raba. Tsarin shi ne ƙungiyoyi 20, amma 15 daga ciki kujerarsu ta din-din-din ce, ko sun yi ƙoƙari a gasar ƙasarsu ko sun ƙare a tsakiyar teburi, sauran ƙungiyoyin Turai gaba ɗaya su yi kokawa a kan gurbi biyar. Wannan shi ne ƙashin bayan shirin, kuma daga wasannin Amurka aka aro shi, inda babu faɗuwa daga gasa, mai ƙungiya ya san kuɗin da zai shigo masa baɗi da baɗin baɗaɗa ko da 'yan wasansa barci suke yi a fili. Bayern Munich da Borussia Dortmund da Paris Saint-Germain sun ƙi shiga. A daren, bayan an sha ruwa an yi asham, gardamar da aka yi a majalisarmu ba ta nuna ƙin shirin ba, domin mafi yawanmu murna muke yi cewa za mu riƙa ganin Madrid da Liverpool kowane mako maimakon mu jira ƙuri'a ta haɗa su. Ba wanda a cikinmu ya yi tunanin Leicester, wadda ta ɗauki Firimiya a 2016 ba tare da kowa ya zata ba, ko abin da nasararta za ta amfana mata a tsarin da aka riga aka raba kujeru.

Waɗanda suka rusa shirin cikin kwana biyu mutane ne irin wannan dattijo. Ranar Talata 20 ga wata magoya bayan Chelsea suka tare hanyar Stamford Bridge kafin wasansu da Brighton, har sai da Petr Cech, tsohon mai tsaron ragar ƙungiyar, ya fito yana roƙonsu su bar motar 'yan wasa ta wuce, kuma kafin gari ya waye ƙungiyoyin Ingila shida sun janye. Ed Woodward ya sanar da barin muƙaminsa a United, John Henry mai Liverpool ya fito a bidiyo yana ba da haƙuri. Duk wannan ya faru ne a lokacin da annobar korona ta sa filaye suka zama wayam, wanda ke nuna cewa masu shirin sun zaci lokacin da babu kowa a matattakala shi ne lokacin da babu mai ɗaga murya. Ranar 2 ga Mayu magoya bayan United suka kutsa cikin Old Trafford har tsakiyar fili, aka ɗage wasansu da Liverpool. Mu da ke gidajen kallo a Kano da Zinder da Kumasi, mu ne miliyoyin da ake ƙirgawa idan za a sayar da haƙƙin nuna wasa, dominmu da irinmu na Asiya da Amurka ake matsar da wasa daga ranar Asabar zuwa daren Litinin, amma ba wanda ya taɓa tambayar mu ra'ayi, kamar yadda ba a tambayi dattijon ba. Na gaya masa haka, ya gyaɗa kai, ya ce to ga takardar shiga mamba can a tebur.

Wannan ita ce haja ta biyu da ake sayarwa a Broadhurst Park, kuma a ganina ta fi tikitin daraja. Mutum yana biyan kuɗin shekara ya zama mamba, kowane mamba kuma ƙuri'a ɗaya gare shi, ko da ya ba ƙungiyar gudummawar dubbai, ko da kuɗin rajista kaɗai ya iya biya. Mambobi ne ke zaɓen kwamitin gudanarwa, su ne ke kaɗa ƙuri'a a kan farashin tikiti da fasalin riga, kuma ba wanda zai iya sayar da ƙungiyar ya sa kuɗin a aljihu. A 2009 suka fito da tsarin da mai sayen tikitin kaka zai biya gwargwadon ƙarfinsa, abin da ya yi kama da yadda ake karo-karo a unguwa idan za a gyara masallaci. Sun kuma nuna cewa maganar lokacin wasa ba ta fatar baki ba ce, domin a Disamban 2007 kwamitin ya nemi magoya baya su ƙaurace wa wasansu da Curzon Ashton saboda an matsar da lokacinsa don a nuna shi kai tsaye, kuma a 2015 sun fito fili sun yi ƙorafi da aka mayar da wasansu na kofin FA da Chesterfield daren Litinin saboda talabijin, duk da kuɗin da hakan ya kawo musu. Na cike takardar a ranar. Ban taɓa mallakar ƙuri'a a wata ƙungiyar ƙwallo ba, har da Kano Pillars da na yi shekaru ina bi zuwa filin Sani Abacha, tunda ita ta gwamnatin jiha ce, mai goyon baya sai dai ya ji naɗin shugabanni a rediyo.

Sai dai mulkin jama'a ba ya hana rigima, wani lokacin ma shi ke kawo ta. Shekarar da ta biyo bayan buɗe filin ta kasance mai zafi ga ƙungiyar, aka yi ta zargin juna a kan yadda ake tafiyar da kuɗi da yadda shugabanni ke sauraron mambobi, kuma a 2016 babban manajanta Andy Walsh ya sauka, mambobin kwamiti da dama suka bi bayansa. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka hura wutar shi ne ƙarin fens 50 da aka yi a kan ɗan littafin wasa na ranar Benfica, wanda wasu suka ɗauka saɓa wa ƙa'idar ƙungiya ce. Mutumin waje zai yi dariya ya ce a kan rabin fam ake wannan tashin jijiyar wuya, ni ma na yi, amma daga baya na ga cewa wurin da ake iya tsare shugaba a kan fens 50 ya fi wurin da ake kwashe miliyoyi ba mai cewa uffan. Ginin filin ya bar musu nauyin bashi na shekaru, yawan 'yan kallo ya ragu daga yadda yake a shekarun ɗoki, kuma ƙungiyar da ta haramta wa kanta attajiri da tallan riga dole ta haƙura ta ga maƙwabtanta suna wuce ta. Salford City, wadda tsofaffin taurarin United irin su Gary Neville da Paul Scholes suka saya a 2014 tana ƙasa da FC United, ta shiga rukunin ƙwararru a 2019. Wanda yake son ƙungiyar da za ta kai shi Firimiya cikin shekara goma ya yi ɓatan kai idan ya zo Moston.

Akwai kuma tambayar da ban iya kauce mata ba ina tsaye a matattakalar, wato ko duk wannan ya taɓa iyalan Glazer ko da a jikin rigarsu. Shekara ashirin bayan ƙauracewar, har yanzu su ne ke da rinjayen iko a Manchester United, bashin bai tafi ba, kuma jaridun Ingila sun sha lissafa cewa abin da ya fita daga ƙungiyar ta hanyar kuɗin ruwa da ribar masu hannun jari da makamantansu ya haura fam biliyan 1, alhali rufin Old Trafford na yoyo har duniya ta ga ruwa yana kwarara kamar indararo a wasansu da Arsenal a Mayun 2024. Shigowar attajirin Birtaniya Jim Ratcliffe da kaso fiye da ɗaya bisa huɗu a farkon 2024 ta zo da korar ma'aikata da ƙarin kuɗin tikiti, har wasu na ganin an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ita ma Super League ba ta mutu a daren da aka zata ba, domin a Disamban 2023 kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa dokokin da UEFA da FIFA suka yi amfani da su wajen toshe ta sun saɓa wa dokar gasa a kasuwa, kuma ita UEFA ɗin ta faɗaɗa gasar zakarunta zuwa ƙungiyoyi 36 daga kakar 2024, inda manyan ƙungiyoyi suka sami ƙarin wasanni da ƙarin kuɗin da suke nema tun farko. A ɗaya ɓangaren, boren 2021 ne ya sa gwamnatin Birtaniya ta ɗora wa 'yar majalisa Tracey Crouch binciken da ya kai ga dokar 2025 wadda ta kafa hukuma mai zaman kanta ta sa ido a kan ƙwallon Ingila, da ikon tantance masu sayen ƙungiyoyi da hana su ɓallewa zuwa irin waccan gasa. Jamusawa kuwa, masu dokar da ta bar wa mambobi rinjayen ƙuri'a a yawancin ƙungiyoyinsu, sun yi ta jefa ƙwallayen tanis cikin fili a farkon 2024 har hukumar gasarsu ta fasa sayar wa masu zuba jari wani kaso na kuɗin talabijin. Ribar FC United a cikin wannan duka ba ta kai ta kofi ba, amma ita ce hujjar da ake nunawa idan aka ce magoya baya ba za su iya riƙe ƙungiya ba. Bury, wadda ta ba su aron fili shekara tara, an kore ta daga rukunin ƙwararru a 2019 bayan ta durƙushe a hannun masu ita, su kuwa 'yan hayar suna nan da filinsu.

Wani abu da ya ba ni dariya kuma ya burge ni shi ne cewa su ma suna da tasu gasar Turai. Sunanta Fenix Trophy, an fara ta a 2021, shekarar Super League, domin ƙananan ƙungiyoyi na ƙasashe daban-daban waɗanda aka zaɓa saboda tarihinsu da aikinsu a cikin al'umma, kuma FC United ce ta ɗauki kofin farko a 2022 a garin Rimini na Italiya. Dattijon nan ya je, ya kuma ba ni labarin tafiyar da irin zumuɗin da yayana ke ba da labarin daren Barcelona na 1999 da United ta ɗauki kofin zakarun Turai.

Hukuncina a kan tikitin shi ne ya biya kuɗinsa har da ƙari ga wanda yake son ya ji yadda ƙwallon Ingila take kafin ta zama shirin talabijin, da wanda yake da yara yana son ya kai su fili ba tare da ya taɓa kuɗin haya ba, da ɗalibin da ya zo Manchester yana neman wurin da za a yi masa magana ba tare da an san shi ba. Bai dace da wanda burinsa shi ne hoto a gaban mutum-mutumin tsofaffin taurarin United, Best da Law da Charlton, a Old Trafford don ya tura wa 'yan majalisa ba, kuma ba zai maye wa kowa gurbin United ba, tunda su kansu masu ƙungiyar a hutun rabin lokaci wayoyinsu suke dubawa su ga yadda ake ciki a can. Wanda zai je ya duba jadawali tukuna domin ba kowace Asabar ake wasa a gida ba, ya isa da wuri idan yana son tsakiyar matattakala, ya kuma ninka kayan sanyin da yake ganin sun ishe shi.

Da na koma gida na ɗauki hoton shaidar zama mamba na tura wa yayana. Ya amsa da muryar saƙo, ana jin hayaniyar gidan kallo a bayansa, ya ce, "To mai ƙungiya, Allah ya sanya alheri. Idan kun zauna taro ka gaya musu su sayi ɗan gaba." Na ce masa, "Yaya, sai dai in kawo shawarar a kaɗa mata ƙuri'a, kuma kuɗin daga aljihunmu za su fito." Ya ce in haka ne a bar ɗan gaban da ake da shi ya ƙara ƙoƙari.